Ƙuri'ar jin ra'ayi a zaɓen shugaban ƙasa: wa aka tambaya, wa ya yi shiru?

A watannin da suka gabaci zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, cibiyoyi daban-daban sun yi ta fitar da sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, kuma waɗanda suka fi yin amo a kafafen yaɗa labarai sun nuna cewa Peter Obi na jam'iyyar Labour ne a gaba. Da hukumar zaɓe ta INEC ta sanar da sakamako, sai ga Bola Tinubu na APC da ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar na PDP da 6,984,520, Obi a matsayi na uku da 6,101,533, sannan Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP da 1,496,687. A nan Gombe da maƙwabciyarmu Bauchi saɓanin ya fi fitowa fili, domin Atiku ne ya lashe jihohin biyu, shi kuwa wanda aka ce yana gaba bai kai ƙuri'a dubu 30 ba a ko ɗaya daga cikinsu. Tun daga lokacin mutane suka rabu gida biyu. Wasu suka yanke hukuncin cewa ƙuri'ar jin ra'ayi farfaganda ce kawai da ake saye da kuɗi, wasu kuma suka ce ai ƙuri'ar ce ta faɗi gaskiya, zaɓen ne aka murɗe. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, domin babu wanda ya tsaya ya duba abin da wannan bincike yake aunawa da abin da ba shi da ikon aunawa.

Ƙorafin da aka fi ji a majalisun hira da shirye-shiryen rediyo na kiran waya shi ne: "Ni dai ba wanda ya tambaye ni, kuma ban san wanda aka taɓa tambaya ba." Maganar gaskiya ce, amma ba ta rushe komai ba. Mai sayen wake a kasuwar Tudun Hatsi ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya-ƙwaya, yakan soka ƙarfe ne ya fito da kaɗan ya duba, sai dai ƙwararre ba ya yarda ya soka a sama kaɗai, yana soka tsakiya da gindi, saboda ya san ana iya shimfiɗa mai kyau a bakin buhu a ɓoye mai ƙwari a ƙasa. Ilimin ƙididdiga ya tabbatar da cewa idan aka tsamo mutum 1,000 ta hanyar da kowane mai katin zaɓe yake da dama daidai da ta kowa ta faɗowa cikin waɗanda za a tambaya, amsarsu za ta kusanci ra'ayin al'umma gaba ɗaya da tazarar kuskure ta kimanin maki 3 sama ko ƙasa, a sau 95 cikin 100. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yawan al'ummar bai cika yin tasiri a wannan lissafi ba: mutum 1,000 da aka tsamo bisa ƙa'ida sun isa a auna ƙasa mai mutum miliyan 10, sun kuma isa a auna mai miliyan 200. Idan ana son rage tazarar kuskuren zuwa rabi, sai an ninka waɗanda za a tambaya sau huɗu, shi ya sa cibiyoyi da yawa suke tsayawa tsakanin mutum 1,000 da 2,400.

Sai dai duk wannan lissafi ya rataya ne a kan sharaɗi guda, wato kowa ya samu dama daidai da ta kowa, kuma a nan ne gizo yake saƙa. Tazarar kuskuren da ake rubutawa a ƙasan rahoto ba ta ƙunshi kuskuren da ke zuwa daga rashin cika wannan sharaɗi ba, alhali shi ne kuskuren da ya fi kayar da masu bincike.

Amurka ta koyi wannan darasi tun shekarar 1936. Mujallar Literary Digest, wadda ta yi suna wajen hasashen zaɓuka, ta aika da takardun tambaya kimanin miliyan 10 ta gidan waya, aka dawo mata da fiye da miliyan 2, ta kuma sanar da cewa Alf Landon zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57 cikin 100. Da aka yi zaɓe sai Roosevelt ya samu kusan kashi 61, ya lashe jihohi 46 daga cikin 48. Mujallar ta tattaro sunayen ne daga kundin masu wayar tarho da masu rajistar mota da masu sayen mujallarta, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, kuma waɗanda suka damu har suka cike takardar suka mayar sun fi karkata ga masu adawa da gwamnati. George Gallup, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan adadi ba, ya hango nasarar Roosevelt. Bayan shekara biyu mujallar ta rufe. Yawan waɗanda aka tambaya ba ya gyara karkatar da aka yi wajen zaɓo su, ƙara mata kwarjini kawai yake yi a idon mai karatu.

Wannan tsohon labari ya sake maimaita kansa a Nijeriya. A watan Satumban 2022 kafar Bloomberg ta wallafa wani bincike da kamfanin Premise ya gudanar, wanda ya ba Obi kashi 72 cikin 100 na waɗanda suka ce sun tsai da shawara. An tattara amsoshin ne ta manhajar wayar zamani, ke nan wanda ba shi da babbar waya, ko ba shi da kuɗin data, ko bai iya karatun boko ba, ba shi da hanyar shiga lissafin tun farko. Wanda ya san Nafaɗa ko Dukku ko Zaki ko Warji ya san cewa a rumfunan zaɓen waɗannan wurare masu irin wannan waya ba su ne mafi rinjaye a layi ba. Binciken ya faɗi gaskiya game da matasan birni masu mu'amala da intanet, waɗanda a cikinsu guguwar Obi ta kaɗa da gaske, kamar yadda nasararsa a Legas da Abuja ta nuna. Laifin ya zo ne lokacin da aka ɗauki ra'ayin wannan rukuni aka ɗora wa ƙasa baki ɗaya.

Binciken da ake yi ta kiran waya ya fi wannan kusantar jama'a, domin ƙaramar waya ta kai ƙauyuka da rugage da dama, amma shi ma yana da ramuka, kuma mu a wannan yanki mun fi kowa sanin su. Akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun sabis, akwai waɗanda waya ke kwana biyu a kashe saboda babu wurin caji. A gidaje da yawa waya ɗaya ce kuma tana aljihun maigida, don haka idan an kira shi ne zai ɗauka, matan gidan kuwa, waɗanda duk wanda ya taɓa leƙa rumfar zaɓe a Arewa ya san tsawon layinsu, ba za a ji ta bakinsu ba. Ko matar da ke da wayarta, ba kowace ce za ta tsaya tana tattauna siyasa na minti goma da baƙon namiji ba. Sannan ga batun harshe. Cibiyoyi masu inganci suna yin tambaya da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, kuma Hausa ta wadatar da mafi yawan mutanen Gombe da Bauchi, amma dattijuwar da Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja ko Sayanci ne harshen da take sakin jiki da shi, amsar da za ta bayar da Hausa a waya gajeruwa ce ta sallamar baƙo. A ɗaya gefen kuma, ɗan birni mai layi uku yana da damar faɗowa cikin samfurin, wato rukunin waɗanda aka tsamo don a tambaya, sau uku fiye da manomi mai layi ɗaya.

Masu bincike sun san da waɗannan matsaloli, kuma maganinsu shi ne daidaita nauyin amsoshi. Idan mata rabin al'umma ne amma kashi 30 kacal suka amsa waya, sai a ƙara wa amsar kowace mace nauyi a lissafi har rabonsu ya koma daidai, haka ake yi wa mutanen karkara da marasa ilimin boko da sauran rukunoni. Dabarar tana aiki, amma tana buƙatar a san ainihin rabon kowane rukuni a cikin al'umma, kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe da Nijeriya ta yi tun 2006 ce, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Ke nan ana gyara kiyasi ne da wani kiyasin. Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan zurfi: ƙara wa amsa nauyi yana nufin an ɗauka cewa matar ƙauyen da ta ɗauki waya ta amsa tambayoyi tana wakiltar sauran matan ƙauyen da ba su da waya, alhali mallakar wayar da yarda da yin magana su ne suka nuna cewa ta bambanta da su.

Mu zo ga abin da nake ganin shi ne zuciyar al'amarin a 2023. Gidauniyar ANAP ta ɗauki nauyin jerin bincike ta waya da kamfanin NOIPolls ya gudanar, kuma su ne aka fi ambato a muhawara. A na watan Satumban 2022 Obi ya samu kashi 21, Tinubu da Atiku kashi 13 kowannensu, Kwankwaso kashi 3. A na ƙarshe, a Fabrairun 2023, Obi yana da kashi 21, Tinubu 13, Atiku 10, Kwankwaso 3. Idan aka haɗa waɗannan huɗu za a samu 47 ne kawai. Sauran 53 ɗin su ne kashi 23 da suka ce ba su tsai da shawara ba, da kashi 30 da suka ƙi faɗin wanda za su zaɓa. Wato 'yan kwanaki kafin zaɓe, fiye da rabin waɗanda aka kira ba su ba da sunan kowa ba. Ita kanta gidauniyar ta yi gargaɗin cewa tazarar da Obi ya bayar ba ta isa ta raba shi da abokan takararsa ba saboda yawan waɗannan mutane, amma kanun labarai da saƙonnin WhatsApp suka ɗauki kashi 21 suka bar kashi 53 a baya.

Idan aka ɗora waɗannan alƙaluma a kan sakamakon INEC, abin da ya bayyana yana da ban sha'awa. Obi ya tashi daga 21 zuwa kimanin kashi 25, Tinubu daga 13 zuwa kusan 37, Atiku daga 10 zuwa 29. Ma'ana binciken bai yi nisa da gaskiya ba game da girman magoya bayan Obi, abin da ya kasa gani shi ne inda masu shirun suka nufa, kuma ga dukkan alamu kusan dukkansu tsofaffin jam'iyyun nan biyu suka nufa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Mai goyon bayan sabuwar tafiya yana ɗokin a tambaye shi, shi ne zai ɗauki waya, shi ne zai amsa har ƙarshe. Mai zaɓen jam'iyyar da ke mulki a lokacin da ake layin mai da layin banki yana iya jin nauyin faɗa, shi kuma mai zaɓen adawa a garin da hakimi da kansila da ɗan majalisa duk na gwamnati ne yana iya jin tsoro. A Birtaniya an ga irin haka a 1992, lokacin da masu zaɓen jam'iyyar Conservative suka fi yadda bincike ya nuna yawa.

Shirun namu kuma yana da nasa dalilan na gida. Mutumin da aka sha kira da baƙuwar lamba ana neman lambar BVN ɗinsa ko ana yi masa albishir da tallafin bogi, ba abin mamaki ba ne idan ya kashe waya da ya ji an ce ana so a yi masa 'yan tambayoyi. Wani kuma zai ɗauka gwamnati ce ke tantance masu goyon bayanta domin rabon taki ko kayan tallafi, sai ya ba da amsar da yake ganin ba za ta hana shi rabo ba. Cibiyar Afrobarometer, wadda tun 1999 take binciken gaba da gaba a ƙasashen Afirka, takan rufe hirarta da tambayar wa mutum yake zaton ya aiko masu tambayar, kuma duk da bayanin da ake yi tun farko cewa cibiyar mai zaman kanta ce, rabo mai yawa sukan amsa cewa gwamnati ce. A al'adarmu ma, faɗa wa baƙo abin da ke cikinka ba wayo ba ne, kuma "sai yadda Allah ya yi" amsa ce cikakkiya da dattijo zai bayar ya ga ya gama magana, mai cike takarda kuwa a layin waɗanda ba su tsai da shawara ba zai saka shi, alhali dattijon ya san inda zai dangwala tun watanni.

Bayan masu shiru sai waɗanda ba su fito ba. INEC ta yi wa mutum miliyan 93.4 rajista, kimanin miliyan 87 suka karɓi katinsu, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba, wato kimanin kashi 27 cikin 100, mafi ƙaranci tun dawowar mulkin farar hula a 1999. A Gombe masu rajista sun kusa miliyan 1.6, ƙuri'un manyan 'yan takara huɗu kuwa da kaɗan suka haura dubu 500. Idan aka tambayi mutane ko za su fita zaɓe, mafi yawansu "in sha Allahu" za su ce, domin babu mai son a ɗauke shi marar kishin ƙasa. Ke nan cikin kowane mutum huɗu masu rajista kusan uku sun zauna a gida, kuma mai bincike yana buƙatar ya gane wane ɗaya ne zai fito, wanda aiki ne da ya fi gano ra'ayi wahala. A 2023 abin ya ƙara rikicewa da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya yi, wanda ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, ga kuma ƙarancin man fetur, ta yadda ma'aikaci ko ɗalibi ko ɗan ci-ranin da ya yi rajista a garinsu bai samu kuɗin motar komawa ba. Kamfanin Stears ya yi abin da ya dace a yaba masa a wannan fanni, domin maimakon adadi guda ya fitar da hasashe biyu: idan jama'a suka fito da yawa Obi ne zai yi nasara, idan kuma fitowar ta yi ƙaranci Tinubu ne. Fitowar ta yi ƙaranci. A irin wannan yanayi jam'iyyar da ke da wakili a kowace rumfa, da motar kwasar mutane, da shugabar mata a kowace mazaɓa, ita ke cin riba, kuma wannan ƙarfi ne da tambayar "wa kake so?" ba ta iya aunawa.

Akwai kuma tsarin mulki. Sashe na 134 bai wadatu da rinjayen ƙuri'a ba, ya shar'anta wa ɗan takara samun aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, in ba haka ba a tafi zagaye na biyu. Saboda haka binciken da ya ba da adadi na ƙasa baki ɗaya ya amsa rabin tambaya ne kawai. To me zai hana a duba sakamakon jiha-jiha a cikin binciken? Lissafi ne zai hana. Idan aka raba mutum 1,000 bisa yawan masu rajista, Gombe za ta samu kimanin mutum 17, Bauchi mai masu rajista fiye da miliyan 2.7 ta samu kimanin 29. Tazarar kuskuren mutum 29 ta kai maki 18 sama ko ƙasa, ta mutum 17 kuwa ta haura 20, ke nan duk wanda ya nuna taswirar jihohi da launuka daga irin wannan samfuri, ado ya nuna. Mutum 17 ba za su iya ɗaukar bambancin da ke tsakanin Billiri da Funakaye ba, balle na Bogoro da Katagum. Ko Amurka mai dogon tarihi a wannan fanni a nan ta yi tuntuɓe a 2016: binciken ƙasa ya ce Hillary Clinton za ta fi yawan ƙuri'a, ta kuwa fi da kimanin maki 2, amma binciken jihohin Wisconsin da Michigan da Pennsylvania ya gaza, musamman saboda da yawansu ba su daidaita nauyin marasa digiri ba, Donald Trump ya lashe jihohin uku da jimillar ƙuri'ar da ba ta kai dubu 80 ba, ya zama shugaba.

Masu zaɓen jihohinmu biyu kuwa sun sha nuna cewa ba a yi musu kuɗin goro. A 2019 Muhammadu Buhari na APC ya samu kusan ƙuri'a dubu 800 a Bauchi, bayan 'yan makonni jihar ta kayar da gwamnan APC mai ci ta zaɓi Bala Mohammed na PDP. A 2023 Atiku ya samu 319,123 a Gombe, Tinubu 146,977, amma a ranar 18 ga Maris, mako uku kacal a tsakani, gwamna Inuwa Yahaya na APC ya koma kujerarsa da ƙuri'a fiye da dubu 340. Mai binciken da ya tambayi jam'iyyar da mutum yake so ya ɗauka ya gano wanda zai zaɓa a kowace kujera, bai san Gombe ba.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Bincike hoto ne na ranar da aka ɗauke shi, zaɓe kuwa yana gaba. A 1948 manyan cibiyoyin Amurka sun daina tambaya makonni kafin zaɓe bisa zaton an gama magana, har wata jaridar Chicago ta buga a shafinta na farko cewa Thomas Dewey ya kayar da shugaba Harry Truman, alhali Truman ne ya yi nasara. A Nijeriya, binciken Afrobarometer da aka fitar a Janairun 2015 ya nuna Goodluck Jonathan da Buhari kunnen doki, kashi 42 kowannensu, daga baya aka ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, Buhari ya yi nasara da kusan kashi 54. Ba a ce binciken ya yi ƙarya ba, ya dai gaya wa masu mulki tun da wuri abin da da yawansu ba su so ji ba, cewa kujerar tana rawa. A wurinmu makon ƙarshe yana da nauyi na musamman, saboda shawarar zaɓe sau da yawa ba ta mutum ɗaya ba ce. Huɗubar Juma'a ko wa'azin coci, matsayar ƙungiyar 'yan kasuwa, sauya sheƙar wani jigo, da abin da ake rabawa a daren jajibiri, duk suna iya juya unguwa guda bayan mai bincike ya rufe littafinsa.

Saura hujjar masu cewa binciken ne daidai, sakamakon ne aka sauya. Ba za a ce zaɓen 2023 ya tafi babu tangarɗa ba, domin gazawar ɗora sakamakon shugaban ƙasa a IReV, shafin intanet na INEC na duba sakamako, a kan lokaci ta zubar da amincin da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta fara ginawa, kuma Atiku da Obi sun kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da nasarar Tinubu a watan Oktoban 2023. Amma ƙuri'ar jin ra'ayin da fiye da rabin mutanenta suka yi shiru ba ta da ƙarfin zama shaidar maguɗi. Kayan aikin da ya dace da wannan tambaya daban ne, shi ne wanda ƙungiyar Yiaga Africa take amfani da shi: a tsamo samfurin rumfunan zaɓe, a ajiye ɗan sa-ido a kowace, ya aiko da ainihin adadin da aka ƙirga aka rubuta a gabansa, sannan a kwatanta da abin da aka sanar. A nan ƙuri'ar da aka riga aka kaɗa ake ƙirgawa, babu mai ƙin amsawa, babu mai canza ra'ayi. Da wannan hanya Yiaga ta bayyana cewa sakamakon da aka sanar na jihohin Ribas da Imo bai yi daidai da abin da 'yan sa-idonta suka gani ba. Irin wannan magana mai suna da wuri ita ce ake iya bin diddiginta, saɓanin cewa wani bincike na waya ya ba wane kashi kaza a watan jiya.

Game da ƙuri'un da ake buɗewa a Facebook da X, ko waɗanda gidajen rediyo ke yi ta kiran waya, ba sai an tsawaita ba: wanda ya ga dama ne yake shiga, yana iya shiga da asusu goma, kuma magoya baya suna kiran junansu su je su danna. Haka nan cikar filin wasa na Pantami ko dandalin IBB na Bauchi ranar gangami ba ma'auni ba ne, tunda fuskokin da suka cika fili yau su ne za su cika shi jibi idan wani ɗan takarar ya zo. Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne cibiyoyin da ke tsirowa wata uku kafin zaɓe, ba ofis, ba tarihin aiki, su kira taron manema labarai su ba wanda ya biya su kashi 60, su ɓace bayan an rantsar. Manufarsu ba auna ra'ayi ba ce, ƙera shi ne, domin ɗan siyasa ya san akwai masu zaɓe da masu ba da gudummawa da ba sa son, kamar yadda ake cewa, su zubar da ƙuri'arsu ga wanda ba zai ci ba. Illar ba ta tsaya nan ba, saboda magoya bayan da aka shafe watanni ana gaya musu cewa nasara tasu ce ba za su karɓi faɗuwa cikin sauƙi ba, kuma Bauchi da Gombe ba su manta da rayukan da aka rasa a rikicin bayan zaɓen 2011 ba. Wasu ƙasashe sun sa doka a kan wannan: Faransa tana da hukumar sa ido kan irin waɗannan bincike tun 1977 kuma ta hana wallafa su a jajibiri da ranar zaɓe, Kenya kuma a dokarta ta 2012 ta hana wallafawa a kwanaki biyar na ƙarshe, ta kuma wajabta bayyana wanda ya ɗauki nauyi da yadda aka gudanar da aikin. Ni na fi ganin amfanin sashe na biyun fiye da na farko, domin hana wallafawa a zamanin WhatsApp ba ya hana jita-jita yawo, amma tilasta wa cibiya ta faɗi wanda ya biya ta, da adadin waɗanda ta kira, da adadin waɗanda suka ƙi amsawa, da ranakun aikin, da ainihin lafazin tambayar, yana raba masu sana'a da 'yan damfara cikin sauƙi. Ko babu doka, editan da ya ƙi buga sakamakon da bai zo da waɗannan bayanai ba ya yi rabin aikin.

Binciken da zai iya faɗin wani abu mai ma'ana game da Gombe ita kaɗai yana buƙatar kimanin mutum 1,000 a cikin jihar, a rarrabe a ƙananan hukumomi 11, a bi su gida-gida maimakon ta waya, da mata masu tambaya da za su iya shiga cikin gida, da masu jin harsunan kudancin jihar da Fulatanci, a kuma maimaita shi aƙalla sau biyu kafin zaɓe domin a ga inda iska take kaɗawa. Bauchi mai ƙananan hukumomi 20 da faɗin ƙasa tana buƙatar fiye da haka a kuɗin mota da kwanaki. Masana ƙididdiga da kimiyyar siyasa da za su iya tsara wannan aiki suna nan a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai biya, domin kafafen yaɗa labaranmu ba su da irin wannan kuɗi, waɗanda ke da shi kuwa 'yan takara ne, kuma ɗan takarar da ya biya aka yi masa bincike na gaskiya a aljihunsa yake ajiye sakamakon, ya yi amfani da shi wajen sanin ƙaramar hukumar da zai ƙara wa ƙarfi.